Tsimin Gida: Yadda Ake Rage Tarkace a Riƙe Kuɗi

Babu mai sayen kaya da tsada a kasuwa kamar mai ƙaramin ƙarfi. Attajiri ya aiki direba kasuwar Dawanau a auno masa buhu a farashin sari. Maƙwabcinsa kuwa kullum safiya sai ya tura yaro shagon unguwa ya karɓo shinkafa gwangwani biyu, mai na ɗari uku, da ƙullin omo. Kafin shinkafar ta shiga ledar yaron ta bi ta hannu huɗu ko biyar, kowane hannu ya ciri ribarsa. Abinci iri ɗaya gidajen biyu suka ci, amma mai ƙaramin ƙarfin ya fi biya.

Abin ya ƙara tsanani tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da dama. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024, naira 70,000, bai isa sayen buhun shinkafa mai kilo 50 ba a ƙarshen 2024.

Farashi ba a hannun maigida yake ba, kuma akwai samun da duk dabarar duniya ba za ta sa ya kai wata ba. Amma abubuwa uku suna hannun kowane gida: lokacin da za a saya, yawan da za a saya a tashi ɗaya, da abin da aka yanke tun farko cewa ba za a saya ba. A kansu matakan nan suka tsaya.

Mataki na 1: A rubuta kafin a rage

Ku sami littafi mai rahusa da biro, ku ajiye inda maigida da uwargida za su iya kaiwa. Tsawon kwana 30 duk naira da ta fita a rubuta ta a daren ranar, har kuɗin tara na yara, kuɗin Laraba na makarantar allo, ruwan leda, cajin waya da abin da aka miƙa wa mai adaidaita sahu. A wannan wata kada a rage komai, kada kuma a yi wa kowa faɗa. Ranar da littafin ya zama abin tuhuma, ranar za a fara ɓoye masa gaskiya.

Idan wata ya cika, a kasa abin da aka rubuta gida huɗu. Na farko ciki: abinci, ruwa, gas ko gawayi. Na biyu wajibai masu lokaci: haya, makaranta, wuta, sufuri, magani. Na uku zumunci: gudummawar biki, barkar suna, taimakon dangi. Na huɗu marmari: tsire, lemon kwalba, datar kallon bidiyo, sayen abin da ba a fita da niyyarsa ba.

Yawanci ba manyan abubuwa ke ba mutane mamaki ba. Naira 500 a kullum ita ce 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Wanda ke cirar dubu biyar-biyar a wajen mai POS yana biyan ɗari duk cira, in ya yi haka sau 20 a wata ya ba da 2,000 bai sayi komai ba. Ƙara da harajin naira 50 da ake yanka a kan tura dubu goma zuwa sama, da naira 100 da Babban Bankin Najeriya ya sa tun Maris 2025 a kan kowace 20,000 da aka cira a na'urar bankin da ba naka ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ciri kuɗin mako a tashi ɗaya, a na'urar bankin da aka buɗe asusu.

Mataki na 2: A raba kuɗi ranar da suka shigo

Kuɗin da suka kwana a aljihu ba a raba su ba, duk wanda ya fara zuwa shi ke da su. Don haka rabo ranar albashi ake yin sa, ba washegari ba.

A fara da abin da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara, domin shi ke jefa gida cikin bashi alhali an san da zuwansa. Hayar naira 360,000 a shekara, 30,000 ce a wata. Kuɗin makaranta na zango uku a haɗa su a raba gida 12. Haka ɗinkin Sallah da cefanen azumi. Wannan kaso shi ne farkon fita, a kai shi inda hannu ba ya saurin kaiwa: asusun banki na daban da ba a karɓar masa kati ba, ko asusun katako mai kwaɗo wanda makullinsa ke wajen wani.

Sai kuɗin cefane. Gidan da ake bayarwa kullum safiya ba ya iya sari, ba ya iya shiri. A koma bayarwa mako-mako, uwargida ta tsara abin da za a dafa a kwana bakwai. Abin da ta rage da dabararta kada a ƙwace shi, kada kuma a rage mata na mako mai zuwa saboda shi. In aka yi haka, ba za ta sake ragewa ba.

Mai samun kullum, kamar ɗan kasuwa, tela ko mai tuƙa babur, nasa rabon da yamma ne. Kafin ya shiga gida ya ware jarin gobe, ya ware kason haya da makaranta, abin da ya saura shi ne na ci. Ɗan tireda da ke ɗiban cefane kai tsaye daga aljihun ciniki, jarinsa yake ci bai sani ba.

Mataki na 3: A sayi kowane abu a kakarsa

A nan ne riba mafi tsoka take, kuma ba sabon ilimi ba ne. Rumbun da ke bayan gidan kakanninmu wannan lissafin ne. Shawarar da Annabi Yusuf, alaihissalam, ya ba mutanen Masar ta barin hatsin shekarun yalwa a zangarniyarsa ita ma ke nan.

Gero da masara suna shigowa kasuwa daga Satumba zuwa Oktoba, wake da shinkafa daga Oktoba zuwa Disamba, dawa kuwa sai sanyi ya shigo, wajen Nuwamba da Disamba. A mafi yawan shekaru farashi na faɗuwa a wannan lokaci, ya riƙa hawa har ya ƙure a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabo bai iso ba. Tumatir, tattasai da attarugu na noman rani, irin na Kadawa da Kura, suna araha daga Janairu zuwa Maris, su yi tsada da faɗuwar ruwa. Albasa, ta Aliero ce ko ta Galmi, araharta bayan an cire ta ne a ƙarshen sanyi zuwa bazara. Manja yakan sauko a watannin farko na shekara, lokacin da kwakwa ke yawa a Kudu.

Kafin a tafi kasuwa a lissafa ci. Gidan da ke cin kwano biyu na masara a mako zai ci kwano 104 a shekara. In buhu kwano 40 ne, kamar yadda aka saba aunawa a Kano, buhu biyu da rabi da ɗoriya ke nan. Na ci za a saya, ba na jiran tsada ba, domin ba kowace shekara farashi ke hawa ba. A 2025 hatsi ya karye, waɗanda suka tara don riba da yawa sun tafka asara. Wanda ya sayi na cinsa kuwa ko farashi ya faɗi abincinsa ne.

Saye rabin aiki ne, ajiya ita ce sauran:

Hatsi ya bushe ƙarau. A gwada shi da haƙori, busasshe ƙas yake fashewa. Ko a zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana.

Wake da masara a zuba su a buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Aikinsa toshe iska, ƙwarin da ke ciki su mutu ba tare da magani ba. A duba ledar kada ta zama da huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Jarka mai tsabta, busasshiya, wadda aka cika ta har wuya aka toshe bakinta, ita ma tana yin wannan aiki. Na cin wata a ɗebe shi gefe, domin yawan buɗewa na ɓata ajiyar.

Kada a yayyafa wa abinci maganin ƙwari irin su Sniper. Guba ce, wanki ba ya tabbatar da fitarta. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015.

Buhu ya hau katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, saboda danshi da ɓera.

Tumatir a yanka shi a shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta, a sama, nesa da ƙura da dabbobi, a yi kauɗa. Haka tattasai, kuɓewa, yakuwa da zogale, sai dai ganye a inuwa ake shanya shi don kada ya ƙone. Albasa ba ta son leda, a baza ta inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince mai ruɓa.

Wanda ba shi da kuɗin buhu uku ya fara da abu ɗaya, wanda gidansa ya fi ci. Rarar da ya samu a kansa bana ita ce jarin na biyu baɗi.

Mataki na 4: A haɗa kai a yi sari

Abin da gida ɗaya ba zai iya ba, gida huɗu za su iya. Maƙwabta ko abokan aiki su haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya da na sabulu a kasuwar sari irin ta Singa, a raba a gaban kowa da ma'auni ɗaya. Kuɗin mota ma an raba shi. Nama kuwa ga watanda: a haɗa a yanka, a kasa. A rubuta abin da kowa ya zuba tun kafin a tafi, don kada araha ta ɓata zumunci.

Sari na da tarko biyu. Na farko, abin da ya yi yawa a gida hannu na sakin sa. Man da ya kamata ya yi wata biyu sai ya ƙare a kwana 40 saboda ana ganin jarka cike. A riƙa tsiyaya na mako a ƙaramar kwalba, a rufe sauran. Shinkafa ma a tsayar da gwangwanin da ke isar gidan, kada a riƙa ɗiba da ido. Na biyu, ba kowane babban mazubi ne ya fi araha ba. A raba farashi da nauyin da aka rubuta a jiki, a gwama da ƙarami. Sannan a tafi kasuwa da jerin abin saye a rubuce, da kuɗinsa kaɗai.

Mataki na 5: Murhu, wuta da waya

Waken da aka jiƙa tun dare ya fi saurin nuna. Tukunya a rufe take dahuwa da wuri, kuma da ta tafasa a rage wuta, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin harshen wutar. Shinkafa in ta tafasa ruwan ya kusa tsotsewa, a sauke a naɗe tukunyar da tsohon bargo, za ta ƙarasa da zafinta. Miyar kwana biyu a yi ta a tashi ɗaya in akwai halin adanawa. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, ba na zubarwa ba.

Ga mai mita, ƙwan fitila irin na da mai wat 60, in yana kunne awa shida kullum, yana shan yunit 10.8 a wata. Na LED mai wat 9, wanda haskensu ya yi kusa, bai kai yunit biyu ba. Manyan masu sha su ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga, hita, risho na lantarki. A tara guga a yi ta rana ɗaya.

Waya ta shiga jerin cefane, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni a Janairun 2025. A kashe saukar bidiyo da hotuna kai tsaye a WhatsApp, a hana bidiyon Facebook kunna kansa, a tsayar da abin da za a kashe wa data a wata. In ta ƙare kafin lokaci, a jira, kada a ci bashin kati, domin kamfani na yankar ladansa.

Mataki na 6: A sallami tarkace

Shiga ɗakin yawancin gidajenmu ka duba saman sif da ƙarƙashin gado. Kuloli da tangaran na jere da ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba, atamfofin lefe da ba a ɗinka ba, ankon bikin da aka sa sau ɗaya, matattun wayoyi, fankar da ake cewa za a gyara. Duk kuɗi ne a kwance, suna cin wuri, suna cin lokacin shara, wasu ma su ke sa a nemi gida mai ɗaki ƙari.

A ɗauki ɗaki ɗaya a rana ɗaya. A fito da komai tsakar gida, a yi wa kowane abu tambaya guda: damina, kaka, hunturu da bazara sun wuce, Sallah biyu sun wuce, an taɓa shi? In an taɓa, ya koma. In ba a taɓa ba kuma yana da daraja, a kira dillaliya, a yi ciniki a kan lada tun kafin ta ɗauka. Mai kyau da ba zai yi kuɗi ba a bayar tun yana moruwa, kada a jira ya zama tsumma. Ƙarfe da roba da suka mutu 'yan gwangwan na saye. Kayan ɗakin mace mallakinta ne, ita ke da ta cewa a kansu. Maigida ya fara da nasa shaddodin da hulunan.

Don kada tarkace su dawo, duk abin da ba na ci ko magani ba a ba shi mako guda kafin a saya. Yawancin sha'awa ba ta kai kwana bakwai. Abin da ake amfani da shi kullum, kamar takalmin makaranta, tukunya ko katifa, a sayi mai ƙarko ko da ya fi tsada, araha ba ta ado. Abin da ake bukata sau ɗaya a shekara, kamar tsani ko babbar tukunyar taro, aro ko haya ya wadatar.

Mataki na 7: Biki da zumunci

Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin a nan ba da farashi ake kokawa ba, da idon mutane ne. Anko, liƙi, dina, akwatunan lefe, gara: mafi yawan abin da ke karya iyaye ba sadaki ba ne, ba walima ba ce, gudun "me za a ce" ne.

Zumunci wajibi ne, don haka a ba shi kasonsa a rabon wata kamar yadda aka ba haya. In ya ƙare, ya ƙare. Miji da mata su yanke tun babu biki a gaba: ankon wa za a yi, na wa za a je da kayan da ake da su. Wanda aka kawo masa anko ba shi da hali, ya faɗa da wuri cikin mutunci: "Yaya, wannan karon ba zan samu yin anko ba, amma ga gudummawata, kuma da ni za a yi aiki." Rabin kuɗin ankon a hannun uwar biki ya fi mata amfani a kan ganin mutum cikin atamfa iri ɗaya.

Mai aurar da 'ya ya lissafa abin da za ta girka da shi, ta kwanta a kai, ta zauna a kai. Abin da ya ragu a mayar mata shi jari ko abin da ke riƙe daraja, ba kwanukan da za su shekara goma a cikin kabad ba.

Mataki na 8: Bashi da ajiya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba duka ne iri ɗaya ba. A jera duk wanda ake bin gidan, har na littafin mai shago, a fara kashe wanda ke ƙaruwa. A nisanci manhajojin ba da lamuni na waya: ruwansu mai nauyi ne, wa'adinsu gajere, wasunsu kuma in an makara sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. A nisanci duk mai alƙawarin ninka kuɗi. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025.

Adashi na da amfani in uwar adashi mai amana ce kuma zubin bai fi ƙarfin mutum ba. A lokacin hauhawar farashi mai kwasar ƙarshe kuɗinsa sun rage daraja, don haka a nemi kwasar da za ta faɗo daidai da wata bukata: kaka, biyan haya, ko komawa makaranta. A san abin da za a yi da ita tun kafin ta zo. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus. Burin farko shi ne a tara abin da zai riƙe gidan wata ɗaya in ciwo ko tsayawar aiki ta zo.

Akwai inda tsimi ba ya shiga. Ba a rage maganin da likita ya rubuta, ba a cire yaro daga makaranta don anko, ba a hana yara da mai ciki wake, ƙwai da ganye, ba a tauye haƙƙin iyaye ko zakka. Don waɗannan ake tsimin tun asali.

Kada a ɗauki matakan takwas a wata ɗaya. Watan farko littafi kawai. Na biyu rabon kuɗi da cefanen mako. Na uku a sallami tarkacen ɗaki ɗaya, kuɗin da dillaliya ta kawo su zama zubin farko na sayen hatsi. Ƙarshen kowane wata miji da mata su zauna rabin awa, su gwama abin da aka tsara da abin da aka kashe, su gyara abu ɗaya tak. Wanda ya fara a bazara, kafin Oktoba yana da kuɗin buhunsa na farko.